Juyen Baƙin Mai a Gida: Daga Motar Tsere Zuwa Babur ɗin Duza

Babu wanda zai ɗauko motar tsere ya sa ta a hanyar da ta tashi daga Anka ta shiga ƙauyukan Bagega, Dareta da Duza. Motar da tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba, kwazazzabon farko zai fasa mata kaskon mai. Abubuwan hawan wannan yanki sanannu ne: babur Boxer, tsohuwar Golf mai jigilar mutane da buhuna tsakanin Gummi, Daki Takwas, Anka da Gusau, Hilux ta hukuma ko ta mai hali, sai kuma injinan da ba sa zuwa ko'ina amma ba sa hutawa, wato injin ban ruwa a fadamun Gulbin Zamfara, injin niƙa da janareta. Amma tambayar da masu motocin tsere a Turai da Amurka suka daɗe suna ja-in-ja a kanta, ko ya dace mutum ya yi wa injinsa juye da hannunsa a gida ko ya kai gareji, ta fi shafar mutumin Duza fiye da yadda ta shafe su. Su sha'awa ce ke sa su kwanciya a ƙarƙashin mota ranar hutu. A nan larura ce.

Shekaru ke nan fita daga ƙauye zuwa gari ta zama abin da sai an yi shawara saboda 'yan bindiga, kuma mutum ba zai jefa kansa a hanya don lita ɗaya ta mai ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, kuɗin baƙin mai ya yi tashin gwauron zabo, domin gundarin man da ake haɗa shi da shi daga waje ake shigo da shi. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, wadda aka yi wa sashen sarrafa irin wannan mai, ta shafe shekaru ba ta aiki. Sai kuma dalilin da ya fi nauyi a wurina: wanda ya sayi mai da kansa, ya fasa hatimin galan da kansa, ya zuba da kansa, shi kaɗai ne ya san abin da ke cikin injinsa. Ladan bakanike a kan juye ba shi da yawa, ba abin da za a yi wa rowa ba ne. Ribar yin aikin a gida ita ce wannan sanin.

Idan al'amura na tafiya daidai, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe a cikin inji. Famfon mai yana zuƙo shi daga kasko, ya tura shi ta cikin filta, ya bi da shi ta ƙananan hanyoyi zuwa kurankishaf da kamshaf, inda yake shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya zama shimfiɗar da ba ta kai kaurin gashin kai ba. A kan wannan 'yar shimfiɗa ce ƙarfen da ke juyawa sau dubu uku ko huɗu a minti ɗaya yake shawagi. Ban da haka, mai yana kwashe zafi daga ƙarƙashin fistin, yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da bangon silinda, yana ɗauke baƙin hayaƙi da ɓurɓushin ƙarfe don kada su zauna wuri ɗaya, yana kuma kashe tsamin da ƙonewar fetur ke haifarwa. A babur irin Boxer, wanda ba shi da lagireto, iska da mai ne kawai ke sanyaya inji, kuma wannan man shi ne dai ke jiƙa giya da kulochi. Kusan lita ɗaya ce ke ɗauke da wannan nauyin duka.

Yawancin ayyukan nan sinadaran da ake zuba wa gundarin mai ne ke yin su, kuma ba kasafai suke wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke cikin galan ba: mai wanke datti, mai riƙe dattin ya yi ta yawo har ranar juye, mai hana tsatsa, mai hana kumfa, da wani haɗin zinki da fosforas da ake amfani da shi tun shekarun 1940 don kare ƙarfe a wuraren da matsi ya yi yawa. Su ne ke ƙarewa. Mai yana iya zama da santsinsa a yatsa alhali sinadaransa sun gama aiki tuni. Saboda haka al'adar nan ta lakato mai a murza tsakanin yatsu a ce da sauransa ba ta auna komai. Duban launi ma haka: man injin dizal yakan yi baƙi kwana kaɗan bayan juye, domin yana kwashe hayaƙi kamar yadda aka yi shi ya yi. Kuma ciko ba ya zama madadin juye. Direban da motarsa ke shan mai, yana ƙara rabin lita duk mako yana ganin ai kullum cikin sabon mai yake, ya manta tsami da dattin da suka taru babu ta inda suka fita.

Abin da ya kamata a ɗauka daga masu motocin tsere shi ne tsantseni. Tsohuwar Porsche 911, wadda aka fara sayarwa a 1964, iska ce ke sanyaya injinta har zuwa 1998, kuma ba ta tara mai a kasko kamar sauran motoci. Tanki ne da ita daban a gefe, ana zuƙe man daga inji a mayar da shi can, don kada ya karkata gefe guda famfo ya zuƙi iska lokacin da ta sha kwana da gudu. Mai yi mata juye sai ya kwance noti biyu, na tanki da na inji, ya zuba kusan lita goma, sannan ya auna man inji yana aiki kuma ya yi zafi, akasin yadda ake yi wa Golf ko Corolla. Samfurinta na ƙarshe mai sanyin iska ma filta biyu ke gare shi. Wanda ya auna ta a kashe zai ga kamar mai ya yi ƙasa, ya ƙara, ya cika ta fiye da ƙima. Don haka mai irin wannan mota ba ya taɓa sifana sai ya buɗe littafinta ya ga wane mai ta ce, lita nawa, ɗaurin noti zuwa ina. In ya gama, ya rubuta rana da kilomita.

Ga motar da ke kwana a inuwa, tana fita kan kwalta mai tsabta, wani lokaci sau ɗaya a mako. Ga kuma Boxer a hanyar Duza: mutum uku da buhun gero, giya ta biyu a cikin yashi, zafin Afrilu da ke haura digiri 40, iskar da za ta sanyaya inji ba ta samuwa saboda tafiyar a hankali ce. A ganina lita ɗayar wannan babur ta fi lita goman waccan mota shan wahala. Kuma wannan babur shi ne ke kai mai naƙuda asibitin Anka, shi ke kai amfanin gona kasuwa. Wanda ya fi bukatar tsantsenin shi ne ya fi ƙarancinsa.

Babban maƙiyin mai a yankinmu ƙura ce. Wadda hunturu ke kawowa daga Sahara tsakanin Nuwamba da Maris, da wadda taya ke tayarwa a hanyar burji, galibinta yashi ne mai laushi, kuma yashi ya fi yawancin ƙarafan inji tauri. In ta wuce filtar iska, sai ta gauraya da mai ta yi ta cin ringi da silinda a hankali. Don haka juyen da aka yi ba a duba filtar iska ba rabin aiki ne. Nawa ne baburan da soson filtarsu ya yage tun bara, ko aka cire shi gaba ɗaya wai don inji ya ƙara ja? Akwai kuma ƙurar da mai juyen ke zubawa da hannunsa. Mazurarin da aka yanko daga gorar ruwa aka ajiye a kan katanga, tsumman da aka ɗauko daga ƙasa, murfin da aka kwance ba a goge kewayensa ba, aikin da aka yi a fili iska na kaɗawa: kowannensu hanya ce. Hatsarin juye a gida ke nan na farko, kuma maganinsa ba ya cin ko kwabo. A yi aikin da sassafe kafin iska ta tashi, a goge, a rufe.

Sai zaɓen mai, inda aka fi yin kuskure. A jikin kowane galan akwai rubutu irin 20W-50 ko 5W-30, ma'aunin ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE. Lambar farko, mai haɗe da W, tana nuna saurin gudun man a sanyi, ta biyu kuma kaurinsa a digiri 100. Akwai kuma haruffan cibiyar man fetur ta Amurka, API, masu nuna zamanin sinadaran: SL na 2001, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Masu farawa da S na injin fetur ne, masu farawa da C, kamar CF da CI-4, na dizal ne.

Maganar da ake yawan ji a gareji ita ce, ƙasarmu da zafi, sai mai kauri. Akwai ɗan gaskiya a ciki, domin littattafan tsofaffin motoci da dama sun yarda a ƙara kauri a ƙasashe masu zafi, kuma 20W-50 ya dace da tsohuwar Golf da ta ga jiya ta ga yau. Amma ba a yi wa kowace mota hukunci ɗaya. Injin Corolla da Camry na shekarun 2000 zuwa sama an ƙera shi ne da ƙananan hanyoyin mai, da wata na'ura mai sauya lokacin buɗe bawul wadda matsin mai ke motsa ta, kuma littafinsa 5W-30 ko ƙasa da haka yake nema. In aka ɗura masa mai kauri, sai man ya makara wajen isa saman inji da safe, alhali a daƙiƙun farko bayan tayarwa ne inji ya fi cin kansa. Injin mai lagireto yana aiki ne a kusan digiri 90, ko a Gummi yake ko a Jamus, muddin ba a cire masa na'urar daidaita zafi ba, wadda makanikai da yawa ke jefarwa tun ranar da mota ta shigo ƙasar. Tsohon injin da ya fara hayaƙi ana iya ƙara masa kauri mataki ɗaya a lallaɓa shi zuwa ranar da za a sauke shi. Amma zuba masa man giya don ya daina ƙara, gaggauta masa mutuwa ne.

Babur kuma nasa daban. Tun da mai ɗaya ke jiƙa inji da kulochi, man mota na zamani da aka ƙara wa sinadarin santsi don rage shan fetur yana sa kulochi zamewa. Wannan matsala ce ta sa Japanawa suka fito da ma'aunin JASO a 1998. Mai babur ya nemi gorar da aka rubuta 4T da JASO MA ko MA2. Ragowar man motar maigida da ake ba yaro ya zuba a babur alheri ne, amma sau da yawa shi ne dalilin da babur zai yi ta kuka a kan tudu ba ya ja.

Duk wannan bayani ba ya da amfani in abin da ke cikin galan jabu ne. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama gurɓataccen baƙin mai a kasuwannin Najeriya. Hanyoyin sanannu ne: a sayar da gundarin mai tsura babu sinadari ko ɗaya, ko a tace tsohon mai a gyara masa launi, a ɗura a galan na kamfani da aka tsinto. Irin wannan mai yana da kyan gani, yana da santsi, inji ma zai yi shiru a makon farko. Sai bayan wata uku ko huɗu ya buga, a ɗora laifin a kan babur ko a kan ƙaddara. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya babu mai iya rantsuwa a kan asalinsa, har shi mai sayarwar. Na san dalilin da ya sa ake saye, aljihu ne, amma araha ba ta ado: bambancin kuɗin kwalba da na gora mai hatimi bai kai kuɗin fistin da ringi ba, balle kwanakin da babur zai yi a ajiye. Kuma ba dole sai mai tsadar waje ba. Ban da manyan kamfanoni irin su Total, Mobil, Oando da Conoil, akwai wasu kamfanonin gida masu haɗa mai, irin su Ammasco a Kano da Lubcon a Ilorin. Mai na gaskiya mai sauƙin kuɗi da aka juye a kan lokaci ya fi mai babban suna da ba a san inda ya fito ba. A saya a gidan mai ko wurin dilan da aka sani, a duba hatimi, in an juye a huda galan ɗin don kada ya koma hannun masu jabu.

Filta ita ce abin da aka fi yi wa ƙwauro. Gwangwani ne da takarda naɗaɗɗiya a ciki, mai tare ɓurɓushin da ido ba ya gani. Tana da ƙofofi biyu da ba kowa ya san da su ba. Ɗaya tana buɗewa idan takardar ta toshe, ta bar mai ya wuce ba tacewa, domin inji gara ya sha mai datti da ya rasa gaba ɗaya. Ma'ana, filtar da ta cika ba ta yin wata alama. Mota na tafiya lafiya lau, datti na zagayawa. Ɗaya kuma roba ce mai hana mai komawa kasko in an kashe inji, don ya tarar da mai a kusa da safe. A filtar jabu wannan robar ce ke fara lalacewa, shi ya sa za ka ji inji yana ƙwanƙwasa na ɗan lokaci in an tayar. Sabon mai a kan tsohuwar filta kamar wanka ne a mayar da rigar da aka yi noma da ita. Ƙananan babura da yawa ba su da gwangwanin, rariyar waya ce da su kusa da notin juye ko a bayan murfin gefe, wasu kuma da ɗan kofi mai juyawa da ke wurga datti gefe. Rariyar wanke ta ake yi, kuma akwai baburan da tun da suka fito daga kwali ba a taɓa duba tasu ba.

Aikin kansa ba shi da wuya. A tayar da inji minti biyar ya yi ɗumi, don mai ya saki jiki ya taso da dattin da ya kwanta, amma kada a kwance noti bayan doguwar tafiya, domin man da ya haura digiri 90 yana saɓule fata. A tsayar da abin hawa a wuri mai daidai, a sa daro mai faɗi, a buɗe murfin sama, a kwance noti da sifanar da ta yi masa daidai, a bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗigo. In mota ce, a kwance filta, a tabbata tsohuwar robar bakinta ta fito tare da ita. Wannan wuri yana son lura: in tsohuwar roba ta manne a jikin inji aka ɗaura sabuwar filta a kanta, mai zai iya fesowa gaba ɗaya a hanya cikin 'yan mintoci. A shafa wa sabuwar roba ɗan mai, a ɗaura filta da hannu, in roba ta taɓa inji a ƙara kusan kashi uku cikin huɗu na zagaye. Noti kuma a sa masa sabuwar washa, a fara ɗaura shi da yatsu don kada ya hau a karkace, sannan a ƙarasa da gajeriyar sifana ba tare da an zura mata bututu ba. Jikin injin babur alminiyum ne, ƙarfi kaɗan ke cinye masa zare, kuma zaren da ya cinye ya fi ƙarfin gyaran gida. A zuba adadin da littafi ya ce, a tayar, a ga fitilar mai ta mutu, a leƙa ƙasa ko akwai yoyo, a kashe, a jira 'yan mintoci, a auna da gej. Kada ya wuce layin sama: man da ya yi yawa kurankishaf ne zai yi ta bugunsa ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta ɗaukar nauyin ƙarfe.

Abu biyu ne ba na sassautawa a kansu. Na farko, kada ɗan Adam ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, musamman a ƙasarmu mai yashi inda jak ke nutsewa ko ya goce. A ja birkin hannu, a tokare tayoyi, a hau da mota kan katako mai kauri ko a sa mata matokari na ƙarfe. Bulon siminti yana rugujewa ba gargaɗi. Wanda ba shi da waɗannan ya kai motarsa rami, ya tsaya a kanta da man da ya sayo da kansa. Na biyu, wanke cikin inji da kananzir ko dizal kafin a zuba sabon mai. Ana yi da kyakkyawar niyya, amma inji yana juyawa ne a lokacin babu abin da ke kare shi, dattin da ya ɓamɓaro yana toshe rariyar famfo, ragowar kananzir kuma ta tsinka sabon man.

Yaushe za a juye? A Turai akwai motocin da ke yin kilomita 15,000 kafin juye. Wannan lissafin hanyarsu ne da fetur ɗinsu. Littattafan motoci suna da jadawali na biyu don aiki mai tsanani, wato ƙura, zafi, kaya masu nauyi da tafiya a hankali, kuma shi ne namu: kusan kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Babur ƙasa da haka sosai. Tun da agogon kilomita na yawancin abubuwan hawanmu ya daɗe da mutuwa, a rubuta ranar juye a waya ko a bango. Injin ban ruwa da awa ake lissafa masa. Ƙaramin Honda GX160, wanda yawancin injinan fadama ke kwaikwayon ƙirarsa, yana ɗaukar kusan lita 0.6, ba shi da filtar mai ko kaɗan, littafinsa kuma ya ce juyen farko bayan awa 20, daga nan duk awa 100. Manomin shinkafa ko albasa a fadamar Gummi da ke kunna shi awa takwas a rana zai cika awa 100 kafin mako biyu. Da yawa sau ɗaya suke juyewa a duk noman rani. Ɗan ƙaramin janareta kuwa, wanda ake haɗa wa mai a cikin fetur, ba a yi masa juye. Abin da yake so shi ne man 2T a ma'aunin da aka rubuta a jikinsa.

Wanda ya juye da hannunsa yana da damar da mai aika yaro ba shi da ita: zai ga abin da ya fito. In man ya yi fari-fari da kumfa, ruwa ya shiga, ko ta gasket da ya ƙone ko ta ƙetare rafi da damina. Bayan ambaliya irin wadda ta auka wa Gummi a watan Agustan 2024, duk injin da ruwa ya shanye bai kamata a tayar da shi ba sai an zubar da abin da ke cikinsa. In man yana warin fetur kuma ya tsinke, kafireto ko ringi na da magana. In yana walƙiya da ɓurɓushin ƙarfe a hasken rana, wani abu yana cin kansa a ciki. Waɗannan duk aikin bakanike ne, kuma zuwa wurinsa da wannan labari tun da wuri ya fi zuwa da inji a cikin buhu.

Saura daron baƙin man da ke ajiye a tsakar gida, kuma a nan ne sunan Duza yake da nauyi. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bincike kuma ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Tsakanin 2010 da 2011 sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje a Dareta, Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza, aka zubo sabuwa. Bagega ta jira har 2013. Tsohon baƙin mai bai kai wannan masifa ba, ko kusa, kuma tun da aka daina sa dalma a fetur, a ƙasashen Afirka kudu da Sahara a farkon 2006, a duniya baki ɗaya a 2021, wadda ke cikinsa ta ragu ƙwarai. Amma hanyar cutarwar ɗaya ce: aikin da aka shigo da shi gida, ƙasar da yaro ke rarrafe a kanta, hannun da ke zuwa baki. Tsohon mai yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da sinadaran ƙonewa waɗanda gwaji ya nuna suna haifar da kansar fata ga dabbobi in sun daɗe suna taɓa ta. Ba ya ruɓewa da wuri, kuma ɗan kaɗan ya isa ya ɓata rijiya.

Duk mun san inda yake zuwa. Ana watsa shi bayan gida, ana zuba shi a masai don sauro, ana shafa wa katakon rufi don gara, ana shafa wa dabba a kan ƙaiƙayi ko kaska, wani ma ya mayar da shi cikin injin niƙa. Shafa wa dabba ya kamata a bari gaba ɗaya, domin tana lasa. Zubawa a masai ko a ƙasa yana bin ruwan sama zuwa inda ake sha. Mayar da shi wani inji kuwa kashe injin ne. Abin da ya rage shi ne a juye shi a jarka mai murfi, wadda ba za a sake sa ruwa ko man gyaɗa a cikinta ba har abada, a ajiye inda yaro ba ya kaiwa, a kwashe ƙasar da ya ɗiga a kai, a wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba. Tsohuwar filta a kife ta ta tsiyaye kafin a yar, kada ta zama abin wasan yara.

Jarkar ma sai ta sami inda za ta. Tsohon mai yana da masu saye a manyan garuruwa, masana'antu na ƙona shi a tanderunsu, a wasu ƙasashen ma sake tace shi ake yi ya koma sabo, sai dai babu ɗan kasuwar da zai zo ƙauye don lita ɗaya. In ya taru ya cika duro, zai zo. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta makanikai ta NATA da shugabannin 'yan kabu-kabu suna iya ajiye duro mai murfi a tashar Anka, da ta Gummi, da ta Nasarawar Burkullu, duk mai zuwa cin kasuwa ya riƙo jarkarsa ya juye a ciki, kuɗin da aka samu in an sayar ya shiga asusun ƙungiya.